Harajin Amurka Ya Iske Ni a Jidda

Abin da ya fara kwaɗaita mini Saudiyya, ban da kusanci da Ɗakin Allah, shi ne wata magana da ejan ɗin da ya yi mini biza ya yi ta nanatawa: wai a can ba a taɓa albashin ma'aikaci da sunan haraji. Ita kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa mini. Otal ɗin bakin tekun da ya ce zan riƙa kula da na'urorin sanyaya ɗakunansa, har yau ban ga ƙofarsa ba. Wanda ya tarye ni a filin jirgin Jidda wani direban a-kori-kura ne da ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci. Ya karɓi fasfona ya jefa a aljihun mota, ya nuna mini baya da haɓa. Muka miƙa kudu har gidaje suka ƙare, manyan rumbunan ajiye kaya suka fara. Nan ne Khumra, kuma nan na yi shekara biyu da 'yan watanni.

Sunana Lawal, daga Malumfashi. Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki na karanta, da takardata da komai, amma a Khumra ba wanda ya tambaye ni takarda. Kafaɗa suke so. Tun safe har la'asar sakaliya muna sauke katan-katan na taliya da man girki daga kwantena. Zafin Jidda kuwa ba irin namu ba ne da za ka gudu inuwa ka tsira, shi da ɗanshi yake zuwa, ya bi ka har cikin riga. Mu takwas ne a ɗaki. Kafilina, wato mutumin da zamana a ƙasar yake hannunsa, sau biyu na taɓa ganinsa, albashi kuma a ambulan shugaban leburori yake miƙo mana, ranar da ya ga dama. Duk Juma'a nakan kira Inna in ce mata ina ofis, sanyi har yana damuna. Ta ce Allah ya yi albarka, mu yi sallama, in zauna bakin gado ina kallon kantar da ta fito mini a tafin hannu.

Wanda ya hana ni zaucewa a ɗakin nan shi ne Mamman Sani, wani dattijo mutumin Maraɗi mai tuƙa motar ɗaga kaya. Ya haura shekara ashirin a Jidda. Yana da 'yar tukunyar da yake dafa shinkafa da wake ranar hutu, ya barbaɗa yajin da ake aiko masa daga gida. Ranar da na fara ci hawaye ya zubo mini, na ce yajin ne. Ya ce, "Wi, haka yajin Maraɗi yake yi wa baƙo. Ƙara." Da na'urar sanyaya ɗakinmu ta mutu a tsakiyar zafi, kamfani ya yi kunnen uwar shegu, sai na kwance ta da sukudireban aro, na tashe ta da tarkacen da na tsinto a bayan rumbu. Daga ranar ya laƙaba mini Injiniya, kuma bai bar maganar a ɗaki ba. Duk masallacin da ya shiga sai ya tallata ni.

Tallar nan ce ta kai ni Abhur, can arewacin gari, inda wani surukinsa yake tuƙi a wani rukunin gidajen shaƙatawa na bakin teku. Mai yi musu gyara ya koma ƙasarsu. Manajan wurin, wani Bamisre mai yawan duba agogo, ya kai ni wani ɗaki da na'urarsa ke ɗigar da ruwa a bango, ya ce mutum biyu sun gwada sun kasa. Kafin ya gama shan shayinsa na gano bututun da ya toshe. Ya taɓa bangon, ya kalle ni, ya ce, "Halas, an gama, mun ɗauke ka. Amma mu ba ma biya a hannu. Kawo lambar asusunka na banki, mu kammala mayar da kafalarka zuwa wurinmu."

Da tsohon kafilina ya ji labari sai ya aiko mini da saƙo ta bakin shugaban leburori. Iƙamata, katin izinin zama, ƙarshen watan nan za ta ƙare. Ya ce ba zai hana ni tafiya ba, ga ma fasfona ya maido mini, amma ba zai sabunta ta ba. In wata ya mutu ina hannunsa, takardar fita ta dindindin zai buga mini, in koma inda na fito. Ban damu ba. Kwana ashirin da shida ne a gabana, buɗe asusu kuwa an ce aikin rabin awa ne.

Ma'aikacin bankin saurayi ne mai ladabi, har ruwa ya sa aka kawo mini. Ya duba iƙama, ya buɗe fasfo, yana ta danne-danne, sai hannunsa ya tsaya. Ya juyo da fasfon ya ɗora yatsa a kan layin wurin haihuwa, ya tambaye ni da Turanci ko wannan garin a Amurka yake.

Na ce eh, har da ɗan murmushi, don tun ina yaro wannan layin abin taƙamata ne. Gwamnatin jiharmu ce ta tura mahaifina karatun aikin gona a wata jami'ar Amurka, ya tafi da amaryarsa, aka haife ni can, aka dawo da ni ko rarrafe ban fara ba. A firamare Ba'amurke ake kirana. Sa'annina da yawa in za a yi musu takardar haihuwa garin da ya zo baki ake rubutawa, amma mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ko awon hatsi ba ya yarda a yi masa tozo a kan kwano. Abin da ya faru shi ya rubuta. Ya rasu ina aji uku a sakandare, ya bar ni da layin.

Saurayin ya zaro wata takarda ya ce to, a dokar Amurka ni ɗan ƙasarsu ne, kuma bankuna sun ɗauki alkawarin sanar da hukumar harajinsu duk asusun da ɗan ƙasarsu ya buɗe. Sai in rubuta lambata ta haraji a nan. Na yi dariya, na ce masa ni ko kalar ƙasar ban sani ba, fasfon nan kore shi ne kaɗai nake da shi. Ya ce ya fahimta, wallahi ya fahimta, amma na'urar ba za ta wuce wannan gurbin ba. Na je banki na biyu, na je na uku. Takardar ɗaya ce, yatsan ne kawai yake canzawa.

Daga nan na yi wautar da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Wani ya haɗa ni da wani haifaffen Jidda da ke zama a wani shagon shayi a Sharafiyya, cikin tsakiyar gari, wai shi ba takardar da take gagararsa. Hausarsa rabi ce, sauran Larabci. Ya ce, "Ya akhi, wannan basiɗ ne, abu mai sauƙi. Ina da mutum a ciki, zai danna la, ya'ani ba ka da Amurka, halas." Na ba shi abin da na daɗe ina tarawa. Ya ce in dawo bayan kwana uku. Na dawo, na sake dawowa, na kira wayarsa har na haddace muryar matar da ke cewa a kashe take. Kwana goma sha ɗaya suka tafi a haka. Ban iya faɗa wa Mamman Sani ba sai da ya ga na bar shinkafa a kwano. Bai yi mini faɗa ba, cewa ya yi, "Injiniya, duk wanda ka gani a garin nan an taɓa yi masa. Ni sau biyu."

Zuwana na ƙarshe shagon shayin, mai shagon ya gaji da ganina, ya tambaye ni wai takardar mece ce haka. Da na gaya masa sai ya tafa hannu, ya nuna mini wani tsohon bene a tsallaken titi, ya ce in hau hawa na biyu in tambayi Ustaza Nafisa. Ya ce likitoci da injiniyoyi masu fasfon Turawa nan suke zuwa da manyan motocinsu, suna hawa a ladabce kamar masu zuwa ɗaukar karatu.

Na tarar da dattijuwa, za ta yi shekara sittin, ta naɗe jikinta da lafaya fara irin ta matan Sudan, tabarau na rataye a wuyanta. Na yi sallama na fara haɗa Larabcina na rumbu, sai ta ce, "Ya waladi, ɗana, yi Hausarka, kada ka ji wa harshenka ciwo." Bahaushiyar Sudan ce, daga Mai Wurno. Ta yi shekaru masu yawa a Ingila tana aikin akanta, bayan rasuwar mijinta ta dawo Jidda kusa da ɗan'uwanta, ta kuma yi jarrabawar Amurkawa don ta iya cika takardun mutanensu. Hausarta irin ta kakanni ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata na da rai.

Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce, "Ustaza, taimakon da nake nema ɗaya ne. A nuna mini yadda zan rubuta cewa ni ba ɗan Amurka ba ne. Ai ba ƙarya ba ce, ban san su ba, ba su san ni ba."

Ta ce, "La, a'a. A ofishin nan ba a rubuta abin da ba shi ba. Yau ka sa hannu a kan ƙarya, fasfonka na gefe yana ƙaryata ka, gobe su rufe asusun da albashinka a ciki. Sa'annan ka zama maƙaryaci a ƙasa biyu. Zauna sosai in gaya maka abin da ya same ka, don na ga ba wanda ya gaya maka."

Ta nuna mini wata kalanda a bango da aka yi wa ɗige-ɗige da jan biro. Ta ce ta mutanenta 'yan Ingila ce. Ingila ba ruwanta da inda aka haife ka ko kalar fasfonka, abin da take tambaya shi ne ina kake kwana. In kana zaune a ƙasarta ka biya, ko kai ɗan ina ne. In ka tattara ka koma aiki wata ƙasa, ka kiyaye yawan kwanakin da kake shiga, ta sallame ka, sai fa in ka bar wani abu a can da ke kawo kuɗi, kamar gidan haya. Shi ya sa likitocinta 'yan Ingila ba sa sayen tikitin hutu sai sun kira ta ta ƙirga musu kwana. Ta ce, "Ni da kake gani, fasfon Ingila gare ni. Na biya su shekara da shekaru. Ranar da na tashi, takarda ɗaya na cika, suka ce ma'assalama. Kai kuwa da nono kawai ka sha a Amurka, ita ba ta sallama. Ita haihuwa take bi. Ɗanta ɗanta ne ko a bayan dutsen Ƙaf yake, in dai yana samun abin da ya kai a faɗa, duk shekara sai ya rubuto ya faɗa."

Na ce, "Wato Ingila jangali take karɓa, inda aka iske shanu suna kiwo nan ake biya. Amurka kuma harajin kai, ko ka tafi ci-rani sunanka na wurin dagaci."

Ta cire tabarau ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Tamam! Wallahi shekara nawa ina bayanin nan da Turanci ban taɓa samun wanda ya kama shi da wuri haka ba. Kakannina Nasara suka guje wa suka yo gabas, ga jikarsu ta ƙare da cika wa Nasara takardar haraji. Allah mai iko."

Na zauna wurinta har azahar, kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin mutumin da ya san aikinsa kamar matar nan ba. Ba ta buɗe littafi ko sau ɗaya ba. Ta ce a Ingila yawancin ma'aikata har su yi ritaya ba su taɓa cika takardar haraji ba, tun daga wurin aiki ake yanka a miƙa, abin da ya iso hannunka naka ne. A Amurka ma ana yanka, amma duk da haka sai ka zauna da kanka bayan shekara ta ƙare ka yi lissafi, in an yanka da yawa a maido maka, in an yanka kaɗan ka cika. A Ingila miji da mata kowa da nasa lissafin. A Amurka suna iya haɗawa wuri ɗaya, kuma bayan ta tarayya yawancin jihohi ma suna da tasu takardar. Shekarar harajin Amurka daga Janairu take farawa kamar ta kowa, ta Ingila kuwa sai shida ga Afrilu. Na tambaye ta dalilin shida ga wata. Ta ce tsohon lissafin kalanda ne da suka ƙi saki, Bature in ya saba da abu ko ya karkace haka zai bar shi.

Na ce to wanne ya fi adalci? Ta ce na Ingila ya fi sauƙi, ba ko tantama, kuma ta ga amfaninsa da idonta, don mijinta ya yi jinya mai tsawo a asibitinsu ba wanda ya miƙo mata takardar biya. Amma ranar da ta daina zama can, wannan gatan ya tsaya, yanzu in ta je ziyara ta kwanta asibiti ana iya cajinta kamar baƙuwa, da fasfon nata da komai. Na Amurka kuwa akwai takura, takardu kamar ba za su ƙare ba, har asusun da ka buɗe a wata ƙasa in ya yi nauyi sai ka faɗa. Sai dai akwai abin da yake burge ta a ciki: yana tilasta wa mutum ya zauna sau ɗaya a shekara ya dubi abin da ya shigo hannunsa, kamar mai fitar da zakka. Ta ce ta ga manyan likitoci da ba su san abin da suke samu ba sai a kan teburin nan.

Ni dai ba burgewa ce ta kawo ni ba. Na ce nawa za su karɓa a wurina? Ta tambayi albashina na Khumra da wanda aka yi mini alkawari a Abhur, ta girgiza kai, ta ce, "Wala halala. Ko sisi. Suna yafe wa mazauna waje wani kaso mai yawa na albashi, naka bai kama ƙafarsa ba. Amma yafewar sai ka roƙa a rubuce. Kuma suna da hanya ta musamman ga irinku da ba su sani ba, a cika na shekara uku baya, a rubuta gaskiyar dalili, shi ke nan."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka, sai ta mayar mini da shi. Duk wannan ba ya yiwuwa sai da lambar, kuma babba irina in zai nemi sabuwa sai ya je ofishin jakadancinsu da kansa, ya kawo shaidar inda ya yi rayuwarsa tun daga firamare, ya jira watanni. Ni kuwa kwana goma sha biyu suka rage mini. Na miƙe zan yi mata godiya in tafi, ta ce, "Istanna, dakata. A asibiti aka haife ka ko a gida? Wace shekara?" Na faɗa mata. Ta ce a shekarun nan asibitocinsu sun riga sun fara nema wa jariri lamba tun yana gadon haihuwa, in iyaye sun yarda, daga baya a aiko da ɗan kati ta gidan waya. Ta ce, "Mai yiwuwa lambarka ta girme wa haƙoranka. Mahaifiyarka na da rai? Kira ta ka tambaye ta."

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, in tana son ni sai ta ce "kai" ko ta aiko a ce wannan ya zo. Ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba, balle a kan haihuwata. Abin da na sani na Amurka duk daga bakin mahaifina da gwaggonnina na ji. In ɗauki waya in ce Inna, ba ni labarin ranar da kika haife ni, wannan a wurina ya fi sauke kwantena nauyi.

Ban yi bayani mai tsawo ba, "ɗan fari ne ni" kawai na ce, Ustaza ta gane. Ta ce, "Ai na sani. Nawa ɗan farin, a Ingila malamarsu ta taɓa kirana gefe tana tambaya ko akwai matsala a gida, wai ta lura ba na faɗin sunansa. Ma'alesh, ba komai, ya waladi. Kunyar tata ce, ba taka ba. Kai tambaya, ita ta san yadda za ta yi da ita."

Kwana uku ina ɗaga waya ina ajiyewa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na koma bayan rumbu inda ba kowa, na kira. Muka gaisa. Maimakon in ce sanyi na damuna, sai na ce, "Inna, ba a ofis nake ba. Dako nake yi tun da na zo." Na kwashe komai na faɗa mata, da aikin Abhur, da banki, da kwanakin da suka rage. Ta ce, "To." Can ta ce, "Dako ai sana'a ce." Sannan na runtse ido na tambaye ta ko a kayan Baba akwai wani ɗan kati da aka aiko daga Amurka bayan an haife ni. Ta ce in kira ta bayan la'asar ɗinsu.

Da na kira, da hoto ta ɗauka, abin da ba ta taɓa yi da ni ba. Fuskarta ba ta fito ba, ta karkata wayar, sai hannunta da gefen tabarma nake gani. A gabanta akwai wata tsohuwar kwalla daga cikin kayan aurenta. Ta ciro ƙullin wani farin ƙyalle ta kwance. Ga ɗan kati mai ruwan shuɗi, ko lanƙwasa bai yi ba, da sunana a jiki da lambobi tara. Na ce ta matso da shi, na kwafa a bayan wani katan. Na karanta mata, ta ce haka ne.

Na ɗauka za ta kashe, sai na ji ta ci gaba da magana, a hankali, kamar da tabarmar take yi.

"Ba a kayansa yake ba, a nawa yake. Da aka sauka, na ce masa ya karɓo mabiyiya, a wanke, mu samu wuri mu binne kamar yadda ake yi. Ko bayan gidan da muke haya ne. Ya je ya dawo ya ce sun ce sun tafi da ita, su ba sa bayarwa. Na yi kuka har ma'aikaciyar ta zaci ciwo ne. Ba uwa kusa, ba ungozoma, ga ƙanƙara a waje. Na ce yaron da ba a binne masa komai a ko'ina ba, ina zai zauna? Bayan 'yan makonni sai ga wannan a ambulan. Ya ce lambarsa ce a wurinsu. Na ce to, sun riƙe tawa sun aiko da tasu, ni ma na riƙe."

Shekara talatin da 'yan kai ina zaton matar nan ba ta tuna ranar, ashe a cikin kwallar aurenta take ajiye. Ta mayar da katin cikin ƙyallen tana ƙullewa, ta ce, "Ni ban yi mamaki da suka neme ka ba. In za ka rubuta musu, ka tambaye su inda suka kai mabiyiyar."

Ranar Lahadi na koma bankin farko, wurin saurayin nan. Ya shigar da lambar, na'ura ta wuce, ya yi murna kamar shi aka buɗe wa asusu. Kamfanin Abhur ya kammala mayar da kafalata saura kwana biyu iƙama ta mutu. Mamman Sani ya raka ni har bakin titi da jakata a kansa, ya hana ni ɗauka, ya cusa mini ƙullin yaji a aljihu.

Ustaza ta cika mini na shekara ukun, kowace ta fito ba a bina komai. Ta karɓi ladan aikinta daidai, ta ba ni rasit, karo na farko da wani ya ba ni rasit a ƙasar nan. Da ta miƙo mini takardun in sa hannu, na ce ta ɗan dakata. Na bi su shafi bayan shafi, layi bayan layi, har ta gaji ta tambaye ni abin da nake nema. Na gaya mata saƙon Inna. Ta mayar da tabarau ta jawo takardun gabanta, ita da ta haddace su, ta bi su tun daga farko har ƙarshe ba ta tsallake ko layi ɗaya ba. Sannan ta ɗago, idonta ya kaɗa, ta ce, "Ka gaya wa Hajiya mun duba mu biyu. Ba su bar gurbin wannan tambayar ba."